Ina gidan gaba ranar da barci ya sace Yayana a kan sitiyari

Assalamu alaikum yan uwa. Ni mutumin wani kauye ne a kasar Ringim, sana'ata tuki, yanzu haka Sharon nake ja tsakanin garinmu da Kano, amma asali a kan Kanta na taso, yaron mota ne ni a hannun Yayana dan wan babanmu, shine ya koya min komai tun daga daure kaya da igiya har canza taya har rike sitiyari. Sai da na tambayeshi kafin na rubuta wannan, yace rubuta mana, ai ba boyayyen abu bane, kafar nan tawa kowa yana ganinta.

Motar ba tamu bace, ta wani Alhaji ce a cikin gari, mu balas muke kai masa duk sati. Aikinmu bin kasuwanni ne, Lahadi muna Gujungu, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, sauran ranaku kuma duk abinda Allah ya kawo, ridi ne ko zobo ko gero mu kai Dawanau mu juyo. Wannan aikin gsky bashi da wani tashin hankali, yawanci a gidanka zaka kwana. Inda abin yake canzawa shine idan Sallar layya ta matso. Lokacin fatake sun haukace da neman mota, kowa so yake ragunansa su riga na wani isa Abuja ko Legas kafin kasuwa ta cika farashi ya karye, sannan rago baya son dadewa a mota, in aka tsaya zafi ya taso sai su fara danne juna, daya ya fadi sauran su tattake shi, asara kenan. Saboda haka mai kaya baya son yaji ka rage gudu balle kace zaka kwanta. Shi kuma direba abinda zai samu a dan tsakanin nan dashi zai yi layya, dashi zai sayi taki, dashi zai rike gida har kaka. To kaga kowa yana da dalilinsa na kin tsayawa.

Kuma a tasharmu in akace wane baya barci to yabonsa ake. Zakaji ana cewa wane ai karfe ne, ya je kudu ya dawo ya sake juyawa bai runtsa ba. Wanda ya faka ya kwanta kuwa sai ya zama abin tsokana a teburin mai shayi, ace masa lusari, ace in baka iya ba ka bawa maza makulli. Yaya yana cikin wadanda ake yabo, kuma yana jin dadin yabon, ni ma a lokacin alfahari nake ace ni yaronsa ne.

Abu daya nake so na fada tun yanzu saboda nasan abinda mutane ke fara kawowa a ransu in sukaji direban babbar mota. Wlh Yaya bai taba shan kwaya ba, ko tiramol ko wani abu, ko taba baya sha, shaida ce zan bayar har gaban Allah. Nasa goro ne da Nescafe, sai ya sa mai shayi ya zuba masa leda biyu a ruwan bunu ba madara, wani lokaci gadagi in mun biyo ta Kano, sai lemon kara kuzarin nan na roba. Sauran dabarun kuma duk direba ya sansu, a fasa fiya wata a kwara a fuska, a sauke gilas iska ta dake ka, a kure rediyo, a cire takalmi, a ce yaron mota yi min hira. Duk na ga anyi su a daren da nake baku labari, kuma kowanne minti kadan yake dauka ido ya koma inda yake.

Ranar Alhamis din tun asuba muke tsaye a Maigatari, ciniki bai kammala ba sai bayan la'asar, muka yi lodi muka taso, Gumel, Gujungu, muka ratsa Kano da dare, Zariya, Kaduna, sai da hantsi ranar Juma'a muka isa inda za'a sauke a gefen Abuja. Daga Kano zuwa Abuja kadai ya haura kilomita 400, ga shingaye kowanne sai ka tsaya ka sallama. Da aka sauke nace to yanzu Yaya zai samu ya mike, ina, dillalai suka tsaya jayayya akan lissafi, kudin mota bai fito ba sai ya bi su, da ya samu ya shimfida kwali a karkashin mota ko awa daya ba'a yi ba waya ta fara, Alhaji ne, wai akwai wani lodin yana jira ranar Asabar da safe a wajen Gumel, har an karbi kafin alkalami, in bamu zo ba wani zai dauka. Yaya ya tashi ya wanke fuska yace kane hada igiyoyi. Muka samu dan kayan dawowa don kar mu dawo haka, da mutum uku cikin wadanda suka rako ragunan, suka hau baya.

Da muka zo Mararrabar Jos inda manyan motoci ke kwana nace Yaya mu dan kwanta anan ko zuwa karfe uku ne. Ya kalleni yace kai dai baka san talauci ba, in mun kwanta wa zai tashe mu, bari mu kai Zariya. A Zariya yace bari mu kai Kano. Kuma in za'a yi adalci ba ko'ina ake tsayawa ba a hanyoyin nan da dare, kowa yasan halin da ake ciki na masu garkuwa da yan fashi, direba yana tsoron ya faka a daji. Amma Mararraba ba daji bace, ga fitilu ga masu shayi ga motoci sun fi a kirga.

Daga Zariya na fara ganin abubuwan da a lokacin ban san sunansu ba. Hamma ba kakkautawa. Mota ta rage gudu kamar zata tsaya sai kuma ya figeta. Mota na tahowa bai rage mata fitila ba sai da mai ita yayi ta kifta masa. Na bashi labari har karshe yace me kace? Muka wuce gidan man da kullum muke shan mai bai ko kalla ba. Can muna dab da Kura sai ya tambayeni wai mun wuce Kwanar Dangora ne, alhali mun baro ta da dadewa, kenan duk tafiyar nan da yayi a tsakani bata shiga kansa ba, hannu ne kawai ke aiki. Nace Yaya kawo na karbe ka, yace da lodi da mutane a baya? Kuma gaskiyarsa, lokacin hannuna bai fada ba, a fili kawai yake bani.

Mun yi sallar asuba a wani masallaci na bakin titi wajen Gezawa. A sujadar karshe liman ya dago kowa ya dago Yaya bai dago ba sai da na kusa dashi ya taba shi. Da muka fito har dariya akayi, shi ma yayi dariya, yace ai an zo gida, saura kiris, in mun isa zanyi barcin awa biyu kafin mu wuce Gumel.

Damina ce, an dan yi yayyafi cikin dare, iska mai sanyi, gari ya fara haske, titi a mike ba mota ba rami, hanyar da Yaya ya sani tun yana yaro. Ina yi masa maganar gyaran gonar Inna, na juyo na kalle shi, idonsa a bude yake, hannu biyu akan sitiyari, wlh a bude yake shi yasa ban tsorata da wuri ba. Sai naji karar taya ta canza, mun sauka daga kwalta a hankali kamar mai shirin yin fakin, amma kafarsa na kan totur. Na kwalla kara nace Yaya! Ya zabura ya fizgi sitiyari da karfi, tayar gaba ta daki bakin kwalbati, daga nan sama ta koma kasa, abinda na iya tunawa kenan sai karar karfe da kasa a bakina. Motar ta juya ta je ta jingina da wata bishiyar maina.

Manoma ne da suka fito da sassafe suka fara zuwa, da fartanyoyi da gatari suka banbare kofa suka zaro Yaya. Allah ya saka wa mutanen kauyen nan da alheri, ban san sunan ko daya ba. Cikin ukun da ke baya biyu sun fado a gona sun ji ciwo amma da sauki, na ukun bodin mota ne ya danne shi, kafin a daga ya cika. Saurayi ne dan wajen Gumel, kudin ragunan mahaifinsa na daure a kugunsa, mutanen kauyen suka kirga a gaban mai unguwarsu suka ajiye har uban ya zo, ko naira bata yi ciwon kai ba. Ni hannuna ne ya karye, mai dori ya dora min a gida. Yaya cinya ta karye wuri biyu da kugu, sai asibitin kashi na Dala aka wuce dashi, anyi aiki an sa karfe, ya dade a kwance, har yau kafar ta fi daya gajarta kuma bata lankwasuwa, tuki ya kare masa.

To anan ne abinda yasa na rubuta wannan yake. Kafin azahar labari ya zaga gari, kuma ba wanda ya ambaci barci. Wasu sukace birki ne ya tsinke, wasu sitiyari ne ya kwace, wasu taya ce ta fashe. Tsofaffi sukace ai wajen nan dama akwai mutanen boye, ba yau aka fara faduwa ba. A cikin gida har aka fara nuna wani direba da suka taba sa-in-sa da Yaya akan layi, wai jifa yayi masa, saura kadan zumunci ya lalace tsakanin gida biyu akan abinda bawan Allahn nan bai ji ba bai gani ba. Da nace barci ne sai aka hayayyako min, wai ina tona wa dan uwana asiri, wai direba kamar Yaya ace barci ya kada shi. Bakanike ya duba motar bayan janwe ya jawota, birki lafiyarsa kalau, tayar ma dukan kwalbati ne ya fasa ta. Wani jami'in rod sefti da ya zo wajen ya bi kwalta da kafa ya dawo yace babu alamar birki ko taku daya, yace in kaga mota ita kadai ta bar mikakken titi da asuba ba wanda ya shigo mata kuma ba'a taka birki ba, to kusan kullum amsar daya ce. Tun daga ranar duk hatsarin da naji ance sitiyari ya kwace sai na tambaya karfe nawa ne, kuma yaushe rabon direban da kwanciya. Ku gwada tambayar nan zaku sha mamaki.

Shi kansa Yaya da farko rantsuwa yake bai yi barci ba, kuma ba karya yake ba, iya saninsa kenan. Wani ma'aikacin jinya a dakin da aka kwantar dashi ne ya zauna ya warware mana, yace in gajiya ta kai makura kwakwalwa tana dauke wuta na yan sakanni ba tare da ta nemi izininka ba, ido ma yana iya zama a bude, kuma in ka farfado baka san ka tafi ba. Ya ciro waya ya buga mana lissafi, mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 duk sakan daya, sakan 5 kacal mita 110 kenan, ya fi tsawon filin kwallo, ba kowa a kan sitiyari. Sannan ya fadi wata magana da ta fi karayar taba Yaya, yace wani bincike da akayi a Ostireliya a 1997 ya nuna wanda yayi awa 17 bai yi barci ba, natsuwarsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na wanda ya sha barasa har ta kai ma'aunin da kasashe da yawa suke hana tuki dashi, in ya kai awa 24 kuwa abin ya kusa ninkawa. Yaya mutumin da ko warinta bai sani ba, sahun gaba a masallaci, ace ya tuko mutane yana daidai da mashayi ko ya fi. Ya juya fuska bango, ranar bai ci abinci ba.

Ma'aikacin nan ya kara mana da cewa jikin mutum yana da lokutan da yake neman barci ko ka so ko ka ki, daga wajen biyun dare zuwa wayewar gari, sai kuma bayan azahar in an ci an koshi. Yace maganin mura irin su Piriton suna saukar da barci, direba ya sha da safe ya hau titi bai san me ya hadiya ba. Yace mai minshari mai karfi wanda numfashinsa ke sarkewa cikin dare, ko ya kwana a gado tashi yake a gajiye, ya kamata ya ga likita.

Iyayen yaron da ya rasu mutanen kirki ne, da manyanmu suka je uban yace ya yafe diyya, kwanansa ne ya kare. Amma Yaya bai samu sukuni ba, da ya fara takawa da sanda ya sa na kai shi wajen malaminmu a babur. Wani da ke zaune a zauren yace Allah gafarta malam ai wannan kaddara ce, mai barci ma an dauke masa alkalami. Malam yace kaddara ce babu shakka, amma ba a gadonsa barcin ya same shi ba, ya ji alamarsa tun daga nesa ya cigaba, saboda haka hukuncin kisan kuskure yana kansa, yafe diyya bai dauke kaffara ba, azumin wata biyu a jere kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Sai ya bamu labarin dawowar Annabi (SAW) daga Khaibar, da barci ya kama su cikin dare sai ya sa aka sauka aka kwanta, aka bar Sayyidina Bilal ya tsare musu asuba, shi ma ya jingina da rakuminsa yana kallon gabas barci ya kwashe shi, ba wanda ya farka sai da rana ta dake su. Malam yace to in Bilal bai iya rike idonsa ba kai wane ne, kuma an ce wanda gyangyadi ya kama yana sallah ya je ya kwanta har barcin ya sake shi don kar ya zo neman gafara ya zagi kansa, ina ga mai rike da rayukan mutane. Yaya yayi azumin nan cikin zafin bazara, da sanda, bai sha ko daya ba.

Ni dai ban yarda laifin direba ne shi kadai ba. Mai mota da ke kirga balas yana kwance a gidansa yana buga waya kana ina, yana da kaso. Mai kaya yana da kaso. Fasinja ma haka, ku ne in direba ya tsaya zaku fara malam sauri muke, sannan mota na tashi kowa ya langabe har na gidan gaba, a bar mutum daya da ido cikin mutum goma. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma abin ya kara tsanani, ba mai iya dawowa ba lodi, sawun da da mutum zai yi ya huta yanzu sai ya ninka kafin ya fitar da kudin mai. Kuma ba yan tasha kadai ba, ma'aikacin da ke tasowa daga Kano da asubar Litinin don ya kama ofis a Dutse bayan ya raba dare yana kallon kwallo, da wanda ya kwana a wajen biki ko jinya ya dauko iyali, da dan acaba, da mai tuki bayan sahur da azumi, duk jirgi daya ne.

Ni yanzu in na yi hamma ta biyu ta uku ko naga na kasa tuna garin da na wuce, gidan mai ko masallaci ko kusa da shingen jami'ai nake samu na faka, na ce wa fasinja a yi hakuri a sha iska minti 20. In da Nescafe na sha kafin na kwantar da kujera, don sai ta yi wajen rabin awa kafin ta fara aiki, kaga ina tashi tana kamawa. Wannan ma jinkiri ne kawai yake saya maka ka karasa gari na gaba, bashin barcin yana nan sai ka biya shi a shimfida. Na sha zagi akan haka, wata Hajiya har cewa tayi na dawo mata da kudinta, na kirga na bata, ta tsaya a bakin titi tana tare wata motar, har na tashi na wanke fuska bata samu ba, ta dawo ta shiga ba wanda yace da wani komai.

Motar Alhaji yan gwangwan ya sayar wa. Yaya kuma yan kungiyar direbobi suka taimaka suka bashi rubutun layi a tasha, shi ke cewa wane ne a kan lodi. Ya sa an ajiye tabarma biyu a rumfar bayan mai shayi, in direba ya shigo da safe sai ya kira shi ya kalli idonsa ya tambaye shi a ina ka kwana, in bai gamsu ba sai ya tsallake sunansa ya ce je ka kwanta layinka na nan. Rigima kam ana yinta kusan kullum, har kararsa an kai wajen ciyaman wai yana hana mutane neman abinci. Wasu suna kwanciya, wasu su zage shi su ja motarsu su je can gaban tasha su yi lodi a bakin titi.